Farar Izga Ƙulli Goma Sha Huɗu

Ƙulli goma sha huɗu na farar izga, kowane ƙulli kaurin babban yatsa. Shekara bakwai na yi ina tara su. Su na zuba a kan sanduna goma sha biyu na gogen Turawa, a wata makarantar firamare a Aliero, shekara biyu ko uku bayan an yanka mana jihar Kebbi. In sandunan sun yi kiɗa, na samu kasuwa a Legas. In sun ƙi, wahalar shekara bakwai ta tafi, kakar albasar da nake jira ita ma ta wuce ni. Kasadar da na yi ke nan, kuma idona biyu na yi ta.

Samarin da ke zama a bakin shagona a Jega, in suka ga izga a rataye sai su kama dariya. Wai gashin wutsiyar doki ne, ka yanko ka sayar, ina abin koyo? Saboda su na zauna rubuta wannan.

Aikin farko da Baba Arzika ya ba ni a Maiyama wutsiya ɗaya ce, da ƙwaryar ruwan toka, da matsefi. Baba Arzika maƙerin goge ne. Shi ke fafe ƙwarya, ya rufe ta da fatar guza, ya ɗaura izga, amma ban taɓa ganin ya yi kiɗa a taro ba. Ya ce in wanke wutsiyar, in shanya ta a inuwa, in ta bushe in ja kowane sili ta tsakanin leɓɓana. Yatsa yana ƙarya, in ji shi, leɓe ba ya yi. Silin da ke da ƙulli, ko lanƙwasa, ko wanda ya yi faɗi maimakon ya mulmule, leɓe zai ji shi kafin ido ya gani. Wata uku na yi ina wannan, har bakina ya faffashe. A nan na koyi cewa izgar goɗiya ba ta kiɗa, don fitsari yana cin ta, sai ta ingarma. Na koyi jera tushen gashi duk gefe ɗaya, da naɗe shi cikin ganyen darbejiya saboda ƙwari. Baƙar izga tana da kaushi da ƙarfin murya. Fara ita ce mai laushi, ita ce kuma ba a samu, don farin ingarma ba yawa, mai shi kuma ba ya yarda a taɓa masa wutsiya sai an sha zarya. Wani a Gehuru sai da na yi masa shekara biyu ina gaisuwa kafin ya bar ni na tsinci kaurin tsinke.

Da na kama gashin kaina, masu sayena masu goge ne da masu kukuma, sai masu tarkon tsuntsu da ke ɗibar gajeru. Kasuwa ce da ke raguwa. Garinmu garin malamai ne, mai goge kuwa in ya fara furfura sai ya rataye gogen. Limamin unguwarmu, mutumin kirki, duk ranar da muka haɗu sai ya ce, "Umaru, yaushe za ka koma albasa kamar sauran mutane?" Ni ma abin da ke raina ke nan. Akwai wani Alhaji Issufu da ke zuwa daga Gaya ta ƙetaren iyaka sau ɗaya a shekara, lokacin da ake cire albasa. Ya ga farar izgata, ya yarda zai kwashe duka. Da abin da zai ba ni zan sayi albasa tana araha, in cika rudu, wato rumbun kara da ake ajiye ta, in jira ta yi tsada. Na riga na zaɓi wurin da zan kafa rudun.

Ranar wata kasuwar Jega, bazara ta kai bazara, sai ga wani mutum a kan babur, rigarsa sharkaf da gumi.

"Kai na Umaru mai izga?"

"Awo, ni na."

"Ni Malam Sahabi, hedimasta daga Aliero. Hau mu tahi, akwai baƙi da ke neman gashin doki."

"Malam, ni ba ni hawan babur sai na san mi za ni gani."

"Ko na gaya maka ba ka yarda. Hau dai."

A hanya ya ba ni labari. Akwai wata babbar ƙungiyar makaɗa a Legas, mutane da yawa suna kiɗa ɗaya, kowa yana duban takarda. Sun turo mutum biyar daga cikinsu su yi wata ɗaya suna koya wa yaran makaranta, su bar musu goge goma sha biyu kyauta. A ƙarshen watan yara za su yi kiɗa a gaban iyayensu. Sai da hedimasta ya bi gida-gida yana rantsuwa cewa darasi ne, ba gidan rawa ba, kafin a ba shi yara goma sha biyu, maza takwas mata huɗu. Ga shi mako ɗaya kacal, komai ya tsaya.

Na shiga ajin na tarar da sandunan a jere a kan benci, gashinsu ya tsittsinke ya barbaje kamar kan da aka kwance kitso. Gogen Turawa wayoyi huɗu gare shi na ƙarfe, amma sandar da ake goga masa izga ce, irin tamu. Bambancin, tasu miƙaƙƙiya ce, doguwa, da ɗan noti a gindi da ake murɗawa a ɗaure gashin ko a sassauta. Shugabarsu mace ce, Madam Ronke, 'yar siririya mai tabarau. A Zariya ta girma, Hausa a bakinta kamar ruwa.

"Malam Umaru, ƙwari ne suka ci?"

Na ja sili ɗaya a leɓena. Na ce, "Ba ƙwari ba ne, ƙishirwa ce. Izga tana shan ruwa daga iska. A Legas aka ɗaura ta, ta ƙoshi, ta miƙe. Kun kawo ta nan kun ajiye ƙarƙashin kwano, ta bushe, ta takure, ba inda za ta sai ta tsinke. Naku na manya me ya hana su?"

"Suna cikin akwati da ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle."

"To kin ga."

Sai ta ɗauko gogenta ta kafa a wuya, wai in ji irin muryar da take nema. Na yi shekaru ina jin goge, na san kukansa, yana kama mutum a ƙafa. Wannan bai taɓa ƙafata ba. Siriri ya fito, ya yi sama a hankali kamar hayaƙin girki a ranar da ba iska, ya tsaya can kusa da kwano yana lilo. Ta taga ina hangen gonakin albasa da aka cire, ƙasa tana rawa don zafi, sai na ga kamar kogi ne ya malalo har bakin makaranta. Da ta sauke sandar sai da hedimasta ya taɓa ni na dawo hayyacina.

Na ce, "Wannan baƙar izga ba ta yin sa. Sai fara."

Kuɗin da ke hannunta bai kai ko kusa da darajar farar ba, kuma ba ta ɓoye mini ba. Amma ta faɗi wata magana da ta tsaya mini. Su a Legas daga ƙasar waje ake kawo musu gashin nan, su yi watanni suna jira. In nawa ya yi kiɗa a ranar taro, za ta tafi da samfuri da sunana. Na auna. Alhaji Issufu ciniki ɗaya ne, ya ƙare. Legas rijiya ce. Ni ba sadaka na shiga yi ba, kada wani ya yi mini wannan shaidar. Kasuwa na hango.

Sanda ta farko kwana ɗaya cur ta ci mini. Kayan aikina reza ne, da matsefi mai ƙananan haƙora, da zare, da ƙaro da nake narkawa in like bakin ƙulli. Madam ta kwance ɗaya ta nuna mini cikinta: rami a kai, rami a gindi, kowanne da ɗan katako kamar ƙwayar gero biyu da ke danne gashin. Na sassaƙa sababbi da itacen aduwa. Matsalar tsawo ce. Sandarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba, dawakinmu kuma ba su da doguwar wutsiya. A sili goma, ɗaya ke kaiwa. Kowace sanda tana son sili ɗari da hamsin ko fiye, a shimfiɗe kamar tabarma, ba wanda ya hau kan wani. Ke nan sanda ɗaya sai ta tsince dogayen ƙulli guda. Ƙulli kuwa da dogayensa ake yi masa kuɗi. In ka zare su, sauran na masu tarko ne.

Da na gama ta uku na kai wa Baba Arzika ya gani. Ya tsufa a lokacin, idonsa ya fara hazo. Ya murɗa notin gaba, ya murɗa baya, ya yi murmushi.

"Gogen da ya yi boko ke nan."

"Aikin ya yi, Baba?"

"Shimfiɗa ta yi. Amma ka bar mata tsawo da yawa."

"Gajarta ce ta kashe na Legas. Madam ma ta ce in bar tsawo, kada sanda ta karye."

"Madam ta san Legas. Kai ɗan ina ne? Bazara ka auna, damina na bisa hanya."

Na ce to, na tafi, ban rage ko ƙwayar shinkafa ba. Na ga abin da gajarta ta yi da idona, tsoronta ya kama ni. Wannan shi ne kuskurena, kuma an gaya mini.

Kwana shida na gama sha biyun. A rana ta bakwai Alhaji Issufu ya iso. Na shimfiɗa masa ƙulli biyu cikakku da sha biyu da aka tsince. Ya ɗaga ɗaya ya duba a rana, ya ajiye.

"Umaru, ka cinye tsokar ka kira ni ƙashi."

"Ga biyu nan lafiyayyu, Alhaji."

"Ban ƙetaro iyaka don biyu ba."

Ya sha ruwa, muka yi sallama ta mutunci, ya tafi. A makon nan motocin albasa suna ta wucewa ta gaban rumfata, warinta ya cika Jega, ni ko buhu ɗaya ban saya ba.

Duk bayan kwana biyu nakan je Aliero in duba sandunan. Da farko abin da ke fitowa daga ajin nan ba ya sauraruwa. Manoman da ke ɗinke buhu a bayan makaranta suna ce wa hedimasta, "Malam, a ba jakin nan ruwa mana." Madam ba ta koya musu waƙa ba. Abu ɗaya ta dage a kai, kowa ya ja sanda daga gindi har kai, a hankali, murya ɗaya, tare da na kusa da shi. Takan ce, "Kada ka saurari naka, saurari na maƙwabcinka." Ni da na saba da mai goge ɗaya da 'yan amshinsa, ban ga amfanin mutum goma sha biyu su faɗi magana ɗaya ba. Sai wata la'asar, ina zaune a gindin bango, muryoyin suka haɗe suka zama ɗaya, mai kauri, mai laushi, kamar an shimfiɗa bargo a kan iska. Masu ɗinkin buhu suka tsaya da basilla a hannu. Daga ranar ba wanda ya sake maganar jaki.

Ranar taro tun da hantsi iska ta juya. Ta daina fitowa daga tudu, ta taso daga kudu, mai nauyi, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar wani gari. Bayan azahar hadari ya fara haɗuwa a gabas. Manoma suna murna. Iyaye sun cika filin makaranta, har daga Jiga Birni da Katanga, wasu a keke wasu a ƙafa, mata a gefe ɗaya ƙarƙashin darbejiya. Mai tsire ya kafa kaskonsa a bakin ƙofa. Sai Madam ta leƙo ta taga ta yafito ni.

"Malam Umaru, murɗa ka gani."

Na murɗa notin har ya ƙure. Gashin yana kwance a jikin sandar kamar zaren da aka tsamo daga ruwa. Ta goga a waya, katako ne ya yi magana. Na duba ta biyu, ta uku, duk sha biyun haka. Izgar ta sha iskar damina ta miƙe, tsawon da na bari ya zama biyu. A kwance a rage a sake ɗaurawa aikin kwana uku ne. Saura sa'a ɗaya, yaran suna tsaye da wankakkun kaya suna dubana.

Baba Arzika ya biyo wata motar albasa ya zo kallo, yana zaune a inuwa da sandarsa. Na kai masa ɗaya. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya shafa gashin da bayan yatsa ya ce, "A ɗauko kaskon mai tsire."

Madam ta biyo ni a baya. "Wuta? Kusa da kayan nan? Baba, ka san daga inda aka kawo su?"

"Ɗiyata, ban sani ba. Amma na san daga inda aka kawo gashin. Mai gogen da aka kira biki da damina, mi kike tsammani yake yi? Gasa ta yake, ruwan ya fita, ta koma gidanta."

"In ta ƙone fa?"

"In ta ƙone ta ƙone. Yanzu ma kiɗa take?"

Ta dubi hadarin. Can ta ce tsohon da ke yi musu gyaran sanda a Legas yana da wata 'yar fitila a kan teburinsa, ba ta taɓa tambayar amfaninta ba. Ta ce a kawo kaskon.

Ga yadda ake yi, ku da kuke cewa babu abin koyo. Garwashi ake so, wanda toka ta rufe, ba harshen wuta ba. Ka sa bayan hannunka a sama. Inda hannu zai iya ƙirga goma bai janye ba, nan ne wurin izga. Ka riƙe sanda gashi yana duban ƙasa, ka wuce da ita, ka dawo, ka wuce, kada ka tsaya ko na ƙiftawar ido. Kana yi kana taɓawa da leɓe. Za ka ji tana tashi daga jikin katako da kaɗan-kaɗan. Baba ya ɗauki shida, na ɗauki shida. Shi da ba ya gani sosai, nasa duk suka tashi. Ni a ta huɗu aka yi tsawa, na ɗaga kai, hannuna ya tsaya. Wari ya tashi kamar ana babbakar kan rago. Ta biyar kuma na sauke ta ƙasa da yawa, ita ma ta tafi.

Mai tsire ya leƙo ya ce, "Wanga tsire dai ba ni saye."

Sanda goma, yara sha biyu. Wata yarinya da wani yaro suka rasa. Yarinyar ta fara share ido da gefen mayafi. Madam ta durƙusa gabanta ta ce, "Ke da shi ku ne masu aiki na musamman. Da yatsa za ku kaɗa wayar, kamar mai gurmi. In na gyaɗa kai, ku kaɗa."

Aka fito da benci a baranda. Sauran manyan huɗu suka zauna a baya, ɗaya da wani ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa a rungume. Madam ta ɗaga sandarta, yara goma suka ja tare.

Ban san sunan abin da suka kaɗa ba, ban kuma tambaya ba. Yaran suna riƙe da murya ɗaya doguwa a ƙasa, manyan suna yawo a samanta, su hau, su sauko, su rabu, su sake haɗuwa. Can cikin wannan sai ka ji ɗigon yatsun yaran nan biyu, ɗaya, ɗaya, kamar ruwan da bai yanke shawarar sauka ba. Hasken ya koma ruwan ƙwai. Iska ta kwanta. Na ga kamar filin makarantar ya tashi daga ƙasa da mu duka, da kekuna, da darbejiya, da kaskon mai tsire, yana tafiya a hankali ta saman rudun albasa zuwa gabas inda hadari yake. Na tuna dawakin da na bi shekara bakwai, farin Gehuru, da wani na Maiyama mai tabo a goshi, da wani da ya mutu kafin in koma. Duk ga su nan a baranda suna magana da baki ɗaya. Wani dattijo kusa da ni, wanda ya zo da niyyar ya janye jikarsa in ya ga abin da bai gamshe shi ba, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya manta da ita.

Kamar minti ashirin aka yi. Sandunan sun fara saki a ƙarshe, ni na ji, ban san ko wani ya ji ba. Suna sauke hannu ruwan farko ya bugi kwano. Ba a ma samu tafi sosai ba, kowa ya ruga neman mafaka, yara suka rungume gogensu suka shige aji.

Madam ta cika alkawari. Ta tafi da ƙulli biyun da suka rage, da sunana a takarda. Sau biyu saƙo ya zo daga Legas ana neman ƙari, sau biyu na aika. A na uku ban da abin aikawa. Dogon farin gashi ba ya tsirowa don ana nemansa, abin da na tara a shekara bakwai ba ya taruwa a wata shida. Suka koma wa na ƙasar waje, ban ga laifinsu ba. Rijiyar da na hango tana da ruwa, gugana ne gajere. Gogen sha biyu suka zauna a makarantar a hannun wani malami da aka koya wa. Shekara shida ina zuwa sau biyu, farkon bazara da farkon damina, in daidaita musu gashi da baƙar izga da abin da ya samu. Da aka yi wa malamin canjin wurin aiki, aka kwashe su zuwa wata makaranta, ban sake ganinsu ba.

To ga lissafi. Ƙulli goma sha huɗu sun tafi. Alhaji Issufu bai sake neman rumfata ba. Albasar shekarar nan ta yi tsadar da har yau ake labari, ba ni ciki, sai bayan shekara uku na kafa rudun farko. Sanda biyu na ƙone da hannuna a gaban maigidana. Abin da ya shigo: ciniki biyu daga Legas, da aikin hannu da ba wanda ya iya shi a ƙasar nan sai ni, wanda yau ba mai nema. Duk ɗan kasuwar da ya duba wannan zai ce Umaru ya faɗi, kuma gaskiya ya faɗa, na faɗi. Saura minti ashirin ɗin nan na baranda. Shekara da shekaru ina sa wa kaya kuɗi, na ɗaga su na juya ta kowane gefe, ban san nawa zan ce ba. Su kaɗai ne kayan da na taɓa saye da tsada ban yi sha'awar sayarwa ba.